Gonar Eyanem

Funtuwa,
12 ga Fabrairu, 2024

Yaya Rashidu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Yaya Nimatu da 'yarmu Zalika. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwa da ta fara yi mini tsiya duk lokacin da na hau matakalar ofis. 'Yan makaranta sun gano, yanzu in sun yi laifi sama suke gudu.

Tunda kunnenka ya daina ɗaukar waya, kullum in na kira sai "na'am? na'am?" kamar ana kiran sunayen 'yan aji ɗaya, na ce bari in koma sana'ata ta da. Ka san tun ina 'yar firamare ni ce marubuciyar gidan Kawu. Na rubuta da hannu, autata za ta ɗauki hoto ta tura wa Zalika. Ka sa tabarau, kada ka ce hannuna ne ya lalace.

Maganar Gonar Eyanem ce ta taso. Gari ya iso ta, Yaya. Inda muke tsinkar kanya da can yanzu gidan bulo ne da shagon caji. Ƙaninka Habibu ya noma ta shekara talatin da takwas, tun rasuwar Kawu, yanzu ƙarfi ya ja baya, ga 'ya'yansa maza huɗu kowa da iyali a ɗaki guda. Yana so a yanka ta fulotai su samu wurin gini. Masu awo sun ce za su zo bayan ƙaramar Salla, kafin ruwa ya sauka. Amma dagaci ya ƙi sa hannu. Ya ce shi yana wurin, yana saurayi, ranar da Kawu, mahaifinku Malam Hambali, ya tara shaidu ya ce wannan gona kyauta ce ga Rashidu, ba ta cikin gado. Don haka sai da takardarka.

Habibu yana jin nauyinka, shi ya sa ya turo ni. Ni kuwa 'yar mace ce a gidan, ba ni da ko taki ɗaya a ciki, sai bakin magana. Ka rubuto abin da ka yanke. In ka yarda, ka sa hannu a gaban hukuma a can, ka ba amintacce ya kawo.

A gaida Yaya Nimatu, a ce mata har yau ina mamakin haƙurinta.

Taubashiyarka,
Rahina

*

Concourse Village, Bronx,
25 ga Fabrairu, 2024

Rahina,

Na samu wasiƙarki, na ji daɗi. Muna lafiya. Sanyi ne dai ya hana ni sakat, kunne kuwa sai a hankali. Shekara talatin a garejin bas, inji yana kuka a kanka tun asuba, dole wani abu ya tafi. Nimatu ta ce a gaya miki haƙurin ya kusa ƙarewa.

Na karanta har sau uku ina neman wace ce Gonar Eyanem. Ni gonar Baba na sani, ta bayan rafi. Na ce ko hannunki ne. Sai Zalika ta karɓa ta karanta da ƙarfi a kunnena, da wannan bakin nata da Hausa ba ta zauna a ciki ba, sai na ji abin da ta faɗa: A and M. Ta kwashe da dariya. Ni ban yi ba.

Ashe haka kuka sa mata. Shekara arba'in da huɗu duk wanda ya bi ta hanyar rafi yana kiran sunan makarantata, ni ban sani ba.

Tunda abin ya zama sunan gona, bari in gaya miki asalinsa, ke da kika fassara wa Baba shi da "makarantar noma da kanikanci". A ƙasar nan, da can jami'a ta 'ya'yan masu hali ce, a koyi Latin a fito lauya ko limamin coci. A 1862, ana tsakiyar yaƙin basasarsu, aka yi doka: gwamnatin tarayya ta ba kowace jiha ƙasa, ta sayar, ta gina makarantar da ɗan manomi da ɗan maƙeri za su shiga. Ƙasar ma yawancinta ta mutanen asali ce da aka kora, wannan ba a gaya mana ba a lokacin, Zalika ce ta nuna mini. Dokar ta ce a koyar da noma da aikin injuna da sana'ar hannu, shi ne harufan nan biyu. Na biyun ba bakanike na bakin tasha yake nufi ba, Rahina, injiniya yake nufi. Jihohin kudu suka ƙi ɗaukar baƙar fata, sai a 1890 aka sake doka, aka ce ko su ɗauke su ko su gina musu tasu. Tawa tana cikin waɗannan. Jikokin bayi ne suka gina ta da bulon da suka gasa da hannunsu, a cikinta na zauna shekara huɗu.

Wannan duka na so in bayyana wa Baba. Na sauka a watan Agusta na 1979, na rubuta masa shafi huɗu, ina rawar jiki. Na ba shi labarin shanun makaranta da ake tatsa da inji, da gonar gwaji da ba ka ganin ƙarshenta. Wata biyar ina zuwa akwatin wasiƙu kullum. Ranar da amsa ta zo ban ko cire safar hannu ba na yage ta. Takarda shuɗiya, irin wadda ake naɗewa ta zama ambulan. Bayan sallama, layi ɗaya ne a ciki:

"Idan noma ka je koyo, gona na nan."

Shi ke nan. Sauran takardar fari fat. Na zauna a kan matakalar gidan wayar makaranta har aka kulle. Na gane abin da yake nufi: na cire ka daga kuyya, na kai ka boko, gwamnati ta ɗauke ka har Amurka, 'ya'yan mutane suna karatun likita, kai ka je ka koyi abin da jakina ma ya sani. Wallahi Rahina maganar nan ta yi mini ciwo, har yau tana yi. Da ya rasu aka ce ya bar mini gonar, na ɗauka maganar ce ya maimaita, shi ya sa zuwana gida biyu ban taka ta ba.

Abin dariyar, da na gama ban samu aikin noma ba. Na zo New York na ƙare a ƙarƙashin bas da sifana a hannu. Fassararki ce ta bi ni.

A yanka ta. Ki gaya wa Habibu ya kwantar da hankalinsa, zan sa hannu. Ni ba ni da abin da na ajiye a can.

Naki,
Rashidu

*

Funtuwa,
3 ga Maris, 2024

Yaya Rashidu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, ana ta shirin azumi, gero ya yi tsada kamar ba a nan ake noma shi ba.

Kai dai har ka tsufa ba ka daina hawa sama ba a gama magana ba. Wa ya ce maka mutanen gari ne suka sa sunan? Kawu ne da kansa ya sa mata. Ni ya sa na yi ta maimaita masa harufan har ya kama, ko da yake bai taɓa kama su daidai ba. Duk baƙon da ya zo sai ya ja shi bayan rafi ya nuna masa, ya faɗi sunan, a yi ta dariya. Ban san ba ka taɓa ji ba. Amma ina za ka ji, mutumin da ya zo gida sau biyu, kwana hurhuɗu, yana kwana a otal yana shan ruwan gora.

Na gode da darasin tarihi. Na karanta wa malamaina a ofis, malamin aikin gona har ya nemi kwafi. Shi ma 'yan uwansa malamai "Malam Fartanya" suke ce masa.

Na gaya wa Habibu, ya yi godiya, har ya yi hawaye. Amma akwai abin da ya tsaya mini. Ka ce layi ɗaya ne. Ka tabbata? Wasiƙar tana nan, ko daga ka kake faɗa? In tana nan, don Allah ka sa Zalika ta ɗauko mini hotonta, gaba da baya. Kada ka tambaye ni dalili yanzu.

Rahina

*

Concourse Village, Bronx,
14 ga Afrilu, 2024

Rahina,

Barka da Salla, Allah ya karɓi ibadunmu. Na san na yi shiru. Azumi ne, kuma ba azumi kaɗai ba. Lafiyarmu ƙalau, sai hawan jini da ya ɗan motsa, likita ta ƙara mini ƙwaya ɗaya.

Kin so ki kwantar mini da rai, sai kika ƙara mini. Da ina cewa mutanen gari ne, na ce to, bakin mutane. Ashe shi ne da kansa yake jan baƙi har bayan rafi, ya faɗi sunan, a yi ta dariya. Kalmominki ne, ban ƙara ko ɗaya ba. Sati biyu na yi ina buɗe-baki da maganar nan a maƙogwaro. Nimatu ta ce in bar wa Allah, mutum ya rasu shekara talatin da takwas. Na ce ai na yafe masa, ubana ne. Yafewa daban, mantawa daban.

Ana gobe Salla na sauka titi na 116, unguwar 'yan Afirka, sayen man ja da daddawa a shagon Hajiya Firdaoussi, 'yar Maraɗi. Ta ce jibi za ta tashi zuwa Kano. Na wuce ofishin mai hatimin hukuma na sa hannu a takardar, na dawo na ba ta. Za ta kira ki in ta sauka. Magana ta ƙare.

Ban san me ya sa ba, tun da kika tono zancen nan makarantar take ta dawo mini. Ɗakin kwananmu yana kusa da garken shanu, da safe iska ta kaɗo sai in rantse a rugar bayan gidanmu nake. Akwai wata tsohuwa a ɗakin cin abinci, Mis Efua muke ce mata don ta ce kakanninta daga Gana aka kwaso su, ita ce ta gano ba na cin naman alade, kullum sai ta ɓoye mini kifi da wani faten masara nasu mai kama da tuwon da bai yi ba. Ranar Asabar in ana ƙwallo, 'yan badujalar makaranta su fito da ganguna, ƙasa tana girgiza, 'yan ɗaya makarantar suna yi mana kukan shanu daga can ɓangaren. Haka ake tsokanar irin makarantunmu, kwalejin shanu. Mu kuwa mu ɗaga ƙararrawar wuyan saniya mu kaɗa musu. Ban taɓa jin kunyar sunan nan a can ba. Sai in na tuna gida.

Zalika ta buɗe mini shafin makarantar a kwamfuta. Rahina, sun cire harufan. Yanzu jami'ar jiha kawai ake ce mata, kamar yadda da yawa irinta suka yi tun kafin in zo ƙasar. Kowa yana gudun a ce masa manomi. Wata babba a Texas ta riƙe nata harufan, amma tun shekarun 1960 aka ce alama ce kawai, ba a warware su. Inda garken shanunmu yake yanzu wurin ajiye motoci ne. Na ce da Zalika ashe ba Baba kaɗai ba ne, masu makarantar ma ra'ayinsu ɗaya da shi. Ta amsa mini da Turanci, wai in daina yi wa mamaci fassara.

Ga hoton da kika nema. Tana cikin akwatin takarduna, tare da digirin da ban taɓa rataya shi a bango ba. Ki ƙirga layin da kanki, malama.

Rashidu

*

Funtuwa,
22 ga Afrilu, 2024

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki ƙalau. Hajiya Firdaoussi ta aiko da takardarka ranar Alhamis, tana cikin jakata, ban ba Habibu ba. Masu awo za su zo ranar Asabar, 4 ga Mayu. Kafin nan akwai abin da ya wajaba ka sani, in ka ji ka yanke abin da ka ga dama, har da ni.

Da farko maganar dariya. Kai, Yaya, kai da karatu a baibai. Dariyar daɗi ce. Bakinsa ne ba ya iya faɗin sunan, shi ma yana dariyar kansa. Ranar da na karanta masa wasiƙarka na zo wurin "noma da kanikanci", cewa ya yi in sake. Na sake. Ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya ce, "Rahinatu, wato Turawa sun gina makaranta sukutum domin noma, har suka sa shi a sunanta?" Na ce haka Yaya ya rubuta. Ya ce, "Kuma cikin yaran lardin nan duka ɗana aka zaɓa." Mutumin da duk rayuwarsa ma'aikata suke ce masa "kai manomi, matsa can". Washegari a masallaci ba wanda bai ji ba.

Yanzu ga nawa laifin. Hannun da ke cikin hoton nan nawa ne, ka sani. Shekarata goma sha biyu. Kawu ya saya mini biro sabo musamman domin wasiƙunka, ya ce kada in taɓa shi da wani aiki. Ni kuwa na kai shi makaranta, muka yi ta zana wa juna fulawa a tafin hannu da ƙawayena har sati biyu. Ranar da ya zaunar da ni a zaure ya fara faɗa, na rubuta sallama, na rubuta layin farko, biro ya ɗauke. Na girgiza, na hura, na goga a tafin ƙafa, bai kawo ba. Shi kuwa ya kafa ido a ƙofa yana ta magana, bai lura ba. Tsoro ya hana ni in ce masa tawada ta ƙare. Sai na ci gaba da rubutawa da busasshen biro, ina dannawa da ƙarfi ko Allah zai sa ya kawo, har ƙasan takarda. Na ce a raina gobe in ari na wata in bi sawu. Yana gamawa ya karɓa, ya naɗe da hannunsa, ya lasa ya manne, ya miƙa wa direban motar auduga da ke shiga gari. Ko duba cikinta bai yi ba, ka san boko ba ya karanta shi.

Na yi ta jira ka rubuto ka ce wasiƙa ta zo babu komai, a yi mini dukan a wuce wurin. Ba ka ce ba. Wasiƙunka suka koma "ina gaida kowa da kowa". Duk wadda na karanta masa sai ya ce, "Bai ce komai a kan gona ba?" In ce bai ce ba. Ya ce, "To, karatu ne ya yi masa yawa." Shekara shida yana tambayar nan. Da na girma na gaya wa kaina ai layi ɗayan ma ba laifi a cikinsa, gona na nan, tana jiranka, me ya fi wannan? Ban taɓa kawo wa raina ka juya shi haka ba, sai da wasiƙarka ta Fabrairu ta zo. Tun ranar ban da sukuni. Na raba ɗa da uba a kan fulawar tafin hannu. Ina jin kunyarka, ina jin kunyar Kawu a kabarinsa.

Ba zan iya kawo maka duk abin da ya faɗa ba, an daɗe. Amma da autata ta buɗa hoton da yatsa, na ga kamar inuwar layuka a inda ka ce fari ne. Na danna biron nan sosai, Yaya. Ka duba takardar.

Ka yafe mini in za ka iya. Takardarka kuma ka faɗa mini in miƙa ko in riƙe.

Rahina

*

Concourse Village, Bronx,
28 ga Afrilu, 2024

Rahina,

Muna lafiya. Ki riƙe takardar.

Na ɗauko fensir zan goga a kai, Zalika ta ƙwace, ta ce zan kashe ta. Ta ja labulen falo da tsakar rana, ta shimfiɗa wasiƙar a tebur, ta kwantar da fitilar wayarta a gefe. Sai ga rubutu ya taso, layi goma sha bakwai, da hannun yarinya mai rubuta "gona" kamar "gana". Shekara arba'in da huɗu ina ɗauke da ita daga gida zuwa gida. Na buɗe ta ya fi sau ɗari, ban taɓa karkata ta ba.

Ba duka ya fito ba, inda aka naɗe ya cinye. Ga abin da muka samu:

"Idan noma ka je koyo, gona na nan. Na cire ta daga rabo, taka ce. Ka yi karatu da kyau, kada ka ji kunyar tambaya. Wuta-wuta ta cinye gefen gabas, shekara uku dawa ba ta yi. Na zuba taki, na tuge, ta dawo. Ka tambayi malamanku ko su ma suna da ita, da abin da suke yi mata. Na gaya wa mutane kada su damu, Rashidu zai zo da maganinta."

A nan na tashi na shiga banɗaki, don ban so yarinyar ta ga fuskata.

Rahina, suna da ita, ciyawar nan mai shanye saiwar dawa. Ta shiga gonakin masara a Carolina tun kafin in zo, gwamnati tana yaƙi da ita. A kanta na yi aikin shekarar ƙarshe. Ni na zaɓa, malamina har ya yi mamakin yadda na san ta tun tana ƙarƙashin ƙasa. Hutu biyu na yi a gonakin nan ina bin kuyya da ƙaramin littafi, kuma duk furen da na tuge gefen gabas nake gani. Na rubuta shafi sittin. Ban aiko masa da ko ɗaya ba, na ce mai jaki ya fi ni sani. Kin ce kin raba ɗa da uba. Ke yarinya ce da biro. Ni ina da shekara ashirin da biyu, da tawada cike da aljihu, na kasa rubuta "Baba, me kake nufi?" Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki roƙa mini.

Ga abin da na yanke. Ki yaga waccan, wata tana zuwa. Yamma da tsakiya a yanka wa 'ya'yan Habibu, ya ci wannan da guminsa. Gefen gabas, daga tsamiya zuwa rafi, kada igiyar awo ta taɓa shi. Bana kada a sa dawa ko masara. A sa waken suya, baɗi auduga ko gyaɗa. Saiwarsu tana sa irin wuta-wuta ya tsiro, ya rasa abin kamawa ya mutu. Wadda ta fito a tuge ta kafin ta yi fure, a ƙone, kada a zubar a bakin gona. Na san yanzu malaman gona sun san wannan, wataƙila Habibu ma ya sani. Duk da haka a yi, a ce daga Rashidu ne. Likita ta ce in jinin ya sauka zan iya hawa jirgi a watan Satumba, lokacin wake yana tsaye.

Saura abu ɗaya. Layin ƙarshe ya fito rabi. Mun karkata fitila ta kowane gefe, kalma huɗu kawai muke gani: "Kuma in ka dawo". Daga nan babu ko alama. Ina jin hannunki ne ya gaji. Don girman Allah ki zauna ki tuna. Me ya ce in na dawo?

Yayanki,
Rashidu

*

Funtuwa,
5 ga Mayu, 2024

Yaya Rashidu,

Muna lafiya, an yi yayyafi jiya da la'asar. Masu awo sun zo sun tafi. Habibu da kansa ya tsaya a gindin tsamiya ya ce iyakarsu nan. Ya ce in gaya maka wuta-wutar tana nan daram, ba ta je ko'ina ba, irin wake kuma ya riga ya sa a nemo.

Tambayarka ba sai na zauna tunani ba, wannan kam ban manta ba. Ba hannuna ne ya gaji ba. Duk abin da ya faɗa na danna shi. Da ya zo "kuma in ka dawo", sai ya tsaya. Na ɗaga kai ina jira. Ya tashi ya zaga bayan rumbu, ya daɗe, ina jin yana fyace hanci. Da ya dawo idonsa ja, ya ce, "Bar shi haka, Rahinatu. Sauran in ya zo na faɗa masa da bakina."

Ka turo ranar jirgin. Ba za ka kwana a otal ba.

Taubashiyarka,
Rahina